Na Kwaɗa wa Baƙon Ɗana Lema a Filin Jirgin Madina

Assalamu alaikum. Ina gaida masu wannan mujalla da masu karanta ta. Ni ban saba da dogon rubutu ba, don bokon da na sani a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, bayan na yi aure har na haihu, saboda haka a yi haƙuri da hannuna. Lokacin da abin nan ya faru na haura shekara hamsin, ina zaune a unguwar Al-Khalidiyya a Madina tare da maigidana, wanda yake aikin ba da magani a wani asibiti. Mun fi shekara ashirin a garin. Duk wanda ya san ni ya san ba ni da hayaniya. Ko a kasuwa aka tsawwala mini ba na iya musu, sai in ajiye kaya in yi godiya in wuce. Maigidan yakan ce in zan yi magana sai ya kashe na'urar sanyaya ɗaki kafin ya ji abin da nake faɗa. To ni ce dai matar da ta tara jama'a a filin jirgin sama har sai da askarawa biyu suka zo.

Ina da ɗa namiji guda ɗaya, shi ne kuma na fari. A garinmu mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. Da wannan alkunya na tashi, na kuma taho da ita Madina ban rage komai ba. In zan kira shi sai in ce kai, in zan ba da labarinsa sai in ce yaron nan. Shi kuwa yaron nan tun yana goye a bayana aka san Allah ya yi halitta. Yana shekara goma sha biyu ya kere ubansa tsawo. Mai gasa tamis na bakin layinmu, wato burodin nan mai faɗi, da ya hango shi sai ya fara jera guda biyar ba a tambaye shi ba. Amma duk girman nan ba shi da faɗa ko kaɗan. In yara suna rigima a makaranta, shiga tsakani kawai yake yi ya tsaya, a yi ta dukansa har a gaji.

Da ya gama sakandare, ƙanin ubansa da ke Amurka ya ɗauke shi ya sa shi a jami'a. A can ne wani mai horar da 'yan wasa ya gan shi a layin karɓar abinci, ya ja shi cikin irin ƙwallon da suke yi da hular kwano da kafaɗun roba. Maigidan ya yi mini bayani cewa aikin yaron shi ne ya durƙusa a sahun gaba tare da wasu ƙarti huɗu, da an fara wasa su tare abokan hamayya da ƙirji don kada a taɓa mai riƙe da ƙwallo. Na tambaya yaushe shi kuma za a ba shi ya buga, ya ce ba za a taɓa ba shi ba, aikinsa ke nan. Shekara huɗu yana wasan ƙwallo bai taɓa ƙwallo ba. A raina na ce an ga baƙo ne an cuce shi, amma ban tambaye shi ba. In ya bugo waya maganata da shi ba ta wuce uku: yana lafiya, yana sallah, Allah ya yi albarka. Daga nan sai in miƙa wa ubansa.

Bayan ya kammala karatu manyan ƙungiyoyin ƙwallon ba su ɗauke shi ba, sai muka ji ya ce ya sami aiki a wani kamfanin wasanni, aikin da akwai yawan tafiye-tafiye. Ni na ɗauka ofis ne, da teburi da biro, har na yi murna an daina ture shi. Haka muka yi shekara biyu, sai wata rana bayan la'asar maƙwabciyata, wata baiwar Allah mutuniyar Nijar, ta shigo da wayarta a hannu tana salati ƙasa-ƙasa. Ta ce in zauna tukuna. Ta nuna mini wani dandamali da aka kewaye da igiyoyi, mutane cike kamar ranar idi suna ihu, ga yaron nan a tsakiya da ɗan guntun wandon da ko a ɗaki ban yarda ya zauna da shi ba. Ban gama jin kunyar wandon ba sai ga wani ƙato, kansa ƙwal, gemunsa jajir, ya sungumi kujerar ƙarfe ya rafka masa a baya. Ya ɗaga shi sama kamar buhun gero ya maka da ƙasa, ya taka masa ƙirji, yana nuna jama'a da yatsa yana wasu maganganu. Akwai wani ɗan siririn alƙali a ciki, amma duk sanda za a yi ta'asar sai ya juya baya yana kallon wani wuri.

Daga ranar na rasa sukuni. Maƙwabciyar ta koya mini inda ake latsawa, na gano duk mako sai mutumin nan ya sami ɗana. Yau kujera, gobe teburi, wata rana har da tsani. Na so in gaya wa maigidan, amma yana da hawan jini, na ce wannan abu in ya gani sai dai a kwashe shi. Na so in tambayi yaron, sai in ɗauki waya bakina ya yi nauyi. Yaya zan ce masa na gan shi a tuɓe ana jibgarsa? Sai in ce yana lafiya, ya ce lafiya ƙalau, in ce Allah ya yi albarka, in ajiye in shiga kicin in yi kukana. A raina na gama yanke cewa mutumin nan sai ya kashe mini ɗa, kuma tunda ba ni da ƙarfi ba ni da baki, abu ɗaya ya rage mini, wato ni mazauniyar Madina ce.

Nan ne na yi babban kuskurena. Kullum da asuba sai in bi maigidan zuwa Masallacin Annabi, in sami gefena a ɓangaren mata in ɗaga hannu. Mutane suna zuwa daga ƙarshen duniya suna roƙon gafara da aljanna a wurin nan, ni kuwa ina kai ƙarar ɗan kokawa. Sunan da ake kiransa da shi a wasan ya gagari harshena, don haka sai nake siffanta shi, in ce mai sanƙo mai jan gemu. Wata rana ina fitowa na duba harabar masallaci, na ga dattawa salihai sun fi a ƙirga, kowa da sanƙo da gemu ja da lalle. Daga ranar na gyara addu'ar, na riƙa cewa mai jan gemu na Amurka, mai baƙin wando da igiyar takalmi har gwiwa, ban da na Madina, ban da alhazai. Ban taɓa roƙon ya mutu ba, Allah shi ne shaidata. Cewa nake yi a karya hannun da yake ɗaga kujerar. Wata bakwai na yi ina haka.

Sai ga shi wani mako, a wasan da na kalla, yaron nan ya hau saman igiya zai diro, ƙafarsa ta zame, suka zube tare da mutumin. Ɗana ya tashi garau, shi kuwa mai jan gemu ya kasa tashi, aka fitar da shi yana dafe da kafaɗa. Ni da ban taɓa guɗa ba a rayuwata, ranar sai da na yi 'yar ƙarama a kicin. Washegari na sayi kwalin dabino mai kyau na raba a ƙofar masallaci, masu karɓa suna cewa Allah ya karɓa, ina cewa ai ya riga ya karɓa.

Bayan kamar wata ɗaya yaron ya bugo ya ce zai zo ziyara da Umara, kuma yana tafe da baƙo, abokin aikinsa, Musulmi ne, bai taɓa zuwa ƙasa mai tsarki ba. Na kwana biyu ina shiri. Na yi dambun nama, na tanadi kayan miyar taushe, na sa maigidan ya yi odar mandi, wato shinkafar Larabawa da nama, na rabin rago don na san cikin da zan ciyar. Ranar isowarsu da azahar muka tafi filin jirgi, rana tana tsakiyar ka, na ɗauki lemata, irin doguwar nan mai mariƙin katako. Muna tsaye cikin masu jiran baƙi sai ƙofa ta buɗe, ga yaron nan ya cika ta, yana tura kaya. Zuciyata ta yi fari. Sai na ga wani a bayansa, kai ƙwal, gemu jajir, hannu ɗaya rataye a wuya da majanyi, ya ɗaga ɗaya hannun yana kai shi wajen ƙeyar ɗana.

Har yau ban san yadda na ratsa mutanen nan ba. Abin da na sani shi ne na tsaya a gabansa, kaina bai wuce cibiyarsa ba, na ɗaga lema na kwaɗa masa a ƙirji. Wallahi dukan bai isa ya kori kaza ba. Amma mutumin nan sai ya yi wata ƙara, ya yi baya taga-taga, ya juya sau ɗaya, ya zube a ƙasa warwas, ƙafafunsa suka tashi sama suka dawo. Wata tsohuwa cikin alhazai ta fara salati. Wasu ma'aikatan filin, 'yan ƙasarmu masu tura kaya, suka matso suna tambayar wace ce Hajiyar nan. Ni kuwa na tsaya da lema a hannu ina tunanin na kashe rai a garin Manzon Allah, ina tunanin iƙamar maigidan, wato takardarsa ta izinin zama, da aikinsa na shekara ashirin. Askarawa biyu suka iso suna tambayar me ya faru. Sai mamacin ya buɗe ido ɗaya, ya dubi ɗana, ya miƙe tsaf ba tare da ya dafa ƙasa ba, ya karkaɗe riga. Ta bakin yaron ya gaya musu santsin tayil ne ya kwashe shi, wannan baiwar Allah kuma uwar abokinsa ce, ta zo taimaka masa ne da sanda. Ɗaya daga cikin askarawan ya dubi girmansa, ya dubi nawa, ya ce mu wuce.

A mota baƙon ya yi wata magana da Turanci, sai na ga kafaɗun maigidan suna rawa a kan sitiyari. Muna isa gida na shige kicin na rufe ƙofa. Maigidan ya biyo ni, da ƙyar ya iya tsayar da dariya ya gaya mini cewa shi tun farko ya san aikin yaron, har kallonsa suke yi da abokan aikinsa lokacin hutu, ya ɓoye mini ne don yana tsoron zuciyata ba za ta ɗauka ba. Ashe sama da shekara biyu yana kare ni, ni kuma wata bakwai ina kare shi, muna cin abinci a faranti ɗaya. Ya ce kokawar nan tsararriya ce kamar wasan kwaikwayo, tun kafin su hau an san wanda zai kayar da wani, kuma a sana'arsu in an taɓa mutum dole ya faɗi yadda mai dukan zai fito da daraja. Jikin baƙon ya saba, da ya ji duka sai ya yi aikinsa. Wai abin da ya faɗa a mota shi ne bai ga ya dace uwa ta daki mutum a gaban jama'a ya tsaya ƙyam kamar ba a yi komai ba.

Ban yarda ba sai da maigidan ya ɗauko waya ya nuna mini wasannin a hankali, yana tsayarwa. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba duk kallon da na yi. Duk sanda mutumin ya maka ɗana da ƙasa, tafin hannunsa yana ƙarƙashin ƙeyarsa. Duk sanda ya taka shi, nauyinsa yana kan ɗaya ƙafar. Sannan ya nuna mini na ranar da na yi guɗa. Zamewar yaron ba ta cikin tsari, da ka yake tahowa, mutumin ya yi wuf ya shiga ƙarƙashinsa ya tare shi da kafaɗa. Kafaɗar da na raba dabino a kanta ke nan. Na zauna a kan buhun shinkafa.

Kwana huɗu suka yi a gidan, kwana huɗu ina ɓuya. Abinci kawai nake turawa, kwanuka suna dawowa kamar an wanke. In na gifta sai in ji murya kamar ganga tana cewa Mama, sannu, kalmomi biyun da ya koya ke nan, ni kuwa in ƙara sauri. Lemar ba ta dame ni kamar addu'ar ba, don ita kowa ya gani, addu'ar kuwa daga ni sai Allah, kuma na san haƙƙin mutum ba ya sauka sai shi ya yafe. Ba na jin Turanci, shi ba ya jin Hausa ko Larabci. Na roƙi maigidan ya yi mini tafinta, na fara ba shi labarin don ya shirya, muna kaiwa wajen ban da na Madina ban da alhazai sai ya kwanta a kan kujera yana riƙe ciki. Na ga wannan ba zai kai ni ko'ina ba.

Ranar tafiyarsu muka raka su Bi'ir Ali, inda masu zuwa Makka suke ɗaura harami. Daga can Makka za su wuce, daga Makka su hau jirgi a Jidda, ba zan sake ganinsa ba. Motocin alhazai sun cika wurin, maigidan ya sauke mu ya tafi neman inda zai ajiye tasa. Suka shiga suka fito cikin fararen mayafai, kowannensu yana riƙe da na ƙugu da hannu don ba a saƙa shi domin irin jikinsu ba. Direban motar da za su shiga ya fara kira. Na waiga, babu maigidan babu alamarsa. Tafinta ɗaya ya rage a duniya, shi ne ɗan da ban taɓa haɗa jimla biyar da shi ba.

Na ce masa ya tsaya ya faɗa wa abokinsa abin da zan faɗa. Idona a ƙasa na zayyana komai, tun daga wayar maƙwabciya, da asubahin wata bakwai, da hannun da na ce a karya, da guɗar, da dabinon. Na yi magana mai tsawo, sai na ji yaron ya faɗi kalma uku ya yi shiru. Na ce masa ban yi boko mai zurfi ba amma na san tsawon abin da na faɗa, ya maimaita duka kada ya rage. Ya dube ni da mamaki, don bai taɓa jin na ba shi umarni haka ba, sannan ya fara. Ina kallon fuskar mutumin. Da aka zo wajen dattawan Madina ya yi dariya har mayafinsa ya nemi kwancewa. Da aka zo wajen dabino dariyar ta tsaya, ya sunkuyar da kai. Na ce shi ke nan, ba zai yafe ba, kuma yana da gaskiya.

Da ya ɗago idonsa ya kaɗa. Ya ce shekara goma sha biyar aikinsa shi ne ya sa mutane su tsane shi, amma bai taɓa jin wanda ya tsane shi da gaskiya da naci irin nawa ba, wannan ita ce babbar lambar yabon da ya samu. Ya ce kafaɗarsa ba ni na karya ba, nauyin ɗana ne, kuma in da laifina a ciki to na tuwon da na ɗura masa tun yana ƙarami ne. Sannan ya ce mahaifiyarsa ta rasu tun yana yaro, bai san akwai wanda zai iya tashi kullum da asuba saboda wani ba. Ya yafe, amma da sharaɗi ɗaya: wata bakwai ɗin nan in rama masa su da addu'ar alheri, a wurin da na yi na farko, kuma ya gaya mini sunansa na gaskiya don kada ladan ya tafi wajen dattawan.

Suka juya za su tafi, sai na ji bakina ya yi abin da bai taɓa yi ba. Na tambayi yaron ko faɗuwar nan tana da zafi. Ya ce faɗan ne na ƙarya, amma ƙasar ta gaske ce, kullum da zafi, tun zamanin ƙwallo ma da zafi, babu dai wanda ya taɓa tambayarsa. Ya shiga mota. Maigidan ya iso yana haki ya same ni ina share ido da gefen mayafi, ya tambaya ko na sake dukan wani ne.

Abin da na koya shi ne alkunya ado ce, ban kuma ce a yar da ita ba, amma tawa ta kai inda ɗana yake jin ciwo shekara da shekaru ban sani ba, kuma tambaya ɗaya da na kasa yi ta sa na ɗauki alhakin wanda yake riƙe masa kai. Ina jan kunnen iyaye 'yan'uwana, musamman mu da 'ya'yanmu suke nesa suna sana'o'in da ba mu gane ba, mu buɗe baki mu tambaye su. Kuma kada mu kai ƙarar mutum wajen Allah a kan abin da muka gani a waya, don Allah yana ganin hannun da ke ƙarƙashin ƙeya, mu ba ma gani. Na cika wata bakwai ɗina tuni, ban kuma daina ba. Kafaɗar ta warke, ya koma aiki, makon jiya ma na ga ya rafka wa yaron nan kujera. Na tsayar da hoton na duba hannunsa yana inda ya kamata, na ce Allah ya ƙara masa lafiya. Lemar kuwa tana Amurka, shi ya roƙa a ba shi.